Zauren Iyali: Tsintaccen Icce a Akwatin Kifi

  

Zancenmu na yau zai sauka ne kan wani abu da mai karatu zai iya ɗauka ƙarami, wato guntun iccen da ake tsinta a bakin kogi, a kawo gida a saka cikin akwatin gilashin nan da ake kiwon kifin ado, wanda Faransawa ke kira akwariyom. Na zaɓi batun ne domin abin ya faru a gidana, kuma rayuka sun salwanta a cikinsa, ko da yake rayukan kifi ne.

A watan Satumba na 2024, sa'ad da ruwan kogin Isa ya fara ja da baya bayan ambaliyar waccan damina, wani ɗana mai shekara 12 ya bi abokansa bakin kogi a nan Yamai. Ya dawo da wata saiwar icce mai lanƙwasa da rassa, kyakkyawa ƙwarai, kamar sassaƙa ta aka yi. A lokacin muna da akwati mai cin lita 80, da ƙananan jajayen kifi 5 a ciki, waɗanda kawunsa ya kawo masa tukuici ranar da ya kai izu 10. Yaro ya ɗauraye saiwar a famfo, ya saka ta bayan sallar isha'i, ya danne ta da dutse, muka tsaya muna yaba kyanta. Da asuba mahaifiyarsa ta tarar da kumfa a saman ruwa, kifi 4 sun juya ciki sama, na biyar yana haki. Muka kwashe shi muka zuba a bokiti, Allah ya sa yana da sauran kwana.

Da hantsi na ɗauki saiwar na kai wa wani dattijo Basarke da muke sayen kifi a wurinsa. Ya karɓa, ya ɓare ɓawon da farce, ya sansana, ya cuɗa shi cikin ruwa, sai ga kumfa kamar ta sabulu. Ya ce, "Malam, ai wannan saiwar aduwa ce, kuma ɗanya ce, ba a daɗe da ruwa ya tumɓuke ta ba. Da irinta ake daka wa kifin tabki guba a zamanin da, ya taso sama a kwashe." Na ce, "Baba, ashe da hannunmu muka kai musu ajali." Ya ce, "Rashin sani ya fi dare duhu. Ka gaya wa yaron ya zo in nuna masa irin wanda ake ɗauka."

Kifin akwati amana ne

Kafin mu shiga yadda ake yi, ya kamata mu tuna matsayin abin a addini. Malamai sun halatta ajiye dabba ko tsuntsu a gida domin sha'awa, sun kafa hujja da ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Manzon Allah (SAW) ya sani bai hana ba, har ya rarrashe shi ranar da tsuntsun ya mutu. Amma sun gindaya sharaɗi: a ciyar, a shayar, kada a cutar. Mun kuma san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Kifin kogi idan ruwa ya ɓaci a nan yakan yi iyo ya koma can. Na akwati kuwa ba shi da inda za shi. Duk abin da muka jefa masa, da shi zai kwana, da shi zai yi numfashi. Saboda haka wanda ya ajiye shi ya ɗauki nauyinsa, kuma za a tambaye shi.

Wannan ba ya nufin a hana kifi icce. Icce nagari alheri ne a gare shi. Yana ba shi maɓoya, ya rage faɗa tsakanin babba da ƙarami. Ƙurungu musamman, wanda yawancin yininsa a ɓoye yake yi, ba ya sakewa a akwatin da babu inda zai laɓe. Haka nan a jikin icce ƙwayoyin halitta masu amfani, waɗanda ido ba ya gani, suke samun wurin zama, su ne kuma ke sarrafa gubar amoniya da ke fita daga kashin kifi su mayar da ita abu mai sauƙin illa. Abin da ake bukata shi ne a san wane icce, daga ina, da kuma yadda za a gyara shi.

Iccen da ba a kusanta

Ƙasarmu tana da itatuwa masu amfani ga mutum amma masu kisa ga kifi. Aduwa ita ce ta farko. Muna cin ƴaƴanta da ganyenta, amma ɓawonta da saiwarta suna ɗauke da wani sinadari mai kumfa da masana ke kira safonin, wanda ke lalata sassan da kifi ke numfashi da su. Magimfa kuwa sunanta ya riga ya shahara wajen kashe kifi. Duk icce mai farin ruwa kamar nono, irin su tumfafiya, aguwa da tinya, a bar shi inda aka gan shi. Dogon yaro, wanda ya cika titunanmu, ɗacinsa da ke korar ƙwari yana cutar da halittun ruwa. Turare yana da mai a jikinsa, warinsa kaɗai ya isa shaida. Ita ma furen nan ta ado mai ruwan hoda da ake shukawa a gidajen ma'aikata, wadda ake kira loriye-roz da Faransanci, guba ce tun daga ganye har saiwa, ga kifi da ɗan Adam duka.

Sai kuma iccen da hannun mutum ya taɓa. Katakon jirgin ruwa ana toshe shi da kwalta, a shafe shi da fenti. Dirkar rumfa da ta shinge ana jiƙa gindinsu da baƙin mai domin gara. Turken wayar lantarki ana tsuma shi da maganin hana ruɓa. Duk waɗannan ambaliya takan kwaso su ta zubar a gaɓa, rana ta ƙone su har su yi kama da iccen daji. Idan ka ga ramin ƙusa, ko tsatsa, ko gefe miƙaƙƙe irin na zarto, ko alamar fenti ko da kaɗan ce, to, ka wuce. Dafuwa ba ta fitar da irin wannan guba.

Wanda ake nema shi ne icce mai tauri, wanda ya daɗe da mutuwa, ruwa da rana suka cinye ɓawonsa har ya yi fari-fari ko toka-toka. Ka gwada shi da abu uku. Ka danna farce: in ya nutse, iccen ya fara ruɓewa, zai narke a akwati ya ɓata ruwa. Ka sansana: in ka ji ƙamshi mai ƙarfi, ko warin mai, ko ɗoyi, ka ajiye. Ka kankare gefe da wuƙa: in ka ga ɗanyantaka ko danƙo a ciki, bai mutu ba tukuna. Idan kuma ba ka gane irin iccen ba, ka tambayi masunta ko masassaƙa ko masu sayar da iccen girki, domin su daga ganin jijiyar icce suke faɗin sunansa. Wanda duk aka kasa ganewa, murhu ya fi dacewa da shi.

Inda ake tsinta da wanda ke tsinta

Wurin da icce ya kwanta yana shiga jikinsa, domin icce kamar soso yake wajen shan ruwa. Kada a ɗauka kusa da inda magudanar gari ke zuba, ko inda ake wankin motoci, ko inda majema da marina ke aiki, ko a bakin hanyoyin ruwan gonakin shinkafa inda ake fesa maganin ƙwari. A nufi sama da gari, inda ruwa ke gudu. Lokacin da ya fi shi ne bayan ruwa ya ja sosai, icce ya sha rana a kan yashi. A Yamai kogi yana cika sau biyu: cikar damina wajen Agusta da Satumba, da kuma cikar ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gine a watannin sanyi. Abin da cikar damina ta kawo sau da yawa ɗanye ne, sabon tumɓuka, kamar yadda ya same mu. Ƴan kasuwarmu masu zuwa Kwatano da Lome kuma, in sun ɗauko na bakin teku, su sani ya sha gishiri, jiƙonsa zai ninka na kogi tsawo kafin ya dace da kifin ruwan daɗi.

Akwai kuma haƙƙin mutane. Iccen da ruwa ya yar, wanda ba shi da wata daraja da mai shi zai biyo, babu laifi a ɗauka. Amma wanda wani ya tara ya jingine domin girki, ko turken da masunci ya kafa domin ɗaure jirgi ko koma, wannan yana da mai shi, sai da izini. Kada kuma sha'awar ado ta sa a sare icce mai rai. Dokar gandun daji ta 2004 tana nan, kuma ɗanyen icce ma ba shi da amfani a wannan aiki.

Babban abin da nake so iyaye su riƙe a nan shi ne lafiyar yaran kansu. Ruwan gefen kogi da na tabki da na hanyoyin ban-ruwa, inda ruwa ke kwance da ciyayi, shi ne gidan ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da tsargiya. Ƙwayar cutar takan fito daga jikinsu ta huda fatar wanda ya shiga ruwan, bayan wani lokaci a ga yaro yana fitsarin jini. Saboda haka a ɗauki icce daga busasshiyar gaɓa, kada yaro ya shiga ruwa dominsa, kuma babba ya raka shi. Wanda aka ga jini a fitsarinsa a kai shi likita ba tare da jinkiri ba. Cutar tana da magani, ana kiransa Praziquantel. Waɗannan dodon-koɗi suna iya laɓewa cikin tsagar icce, suna kuma jure fari na tsawon lokaci, don haka shanya kaɗai ba ta isa ta kashe su ba. Tare da su akan shigo da matsattsaku da ƴaƴan mazari, waɗanda ke cinye ƙananan kifi.

Yadda ake gyara shi

Mataki na farko shi ne wanki. A sami buroshi mai ƙarfi wanda bai taɓa sabulu ba, a goge iccen da ruwa zalla, a bi kowane lungu. A ɓare sauran ɓawo, a kankare duk inda ya yi laushi, a goge tsini domin kada ya yaga kifi. Kada a sa sabulu, ko omo, ko ruwan jabel, ko maganin ƙwari. Icce zai shanye su, sa'an nan ya riƙa sakinsu sannu a hankali cikin akwati.

Na biyu shi ne shanya. A ɗora shi kan rufin kwano ko kan dakali mai tsabta ya yi mako biyu a rana, ana juya shi.

Na uku shi ne dafuwa. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to, a nan icce za a dafa. A sami tsohuwar tukunya wadda aka daina girki da ita, a nutsar da shi, a bar ruwa ya yi ta tafasa awa ɗaya zuwa biyu. In ya fi tukunya tsawo, a dafa gefe ɗaya, a juya a dafa ɗayan. Tafasa tana kashe dodon-koɗi da ƙwansu da sauran ƙwayoyin cuta, tana fitar da launi, tana kuma korar iskar da ke cikin icce domin ya yi saurin nutsewa. Wannan aiki na manya ne, a nisanta ƙananan yara daga murhu. Dutsen da za a danne icce da shi kuwa kada a dafa shi kan wuta, domin wani dutse yakan fashe. Gogewa da zuba masa ruwan zafi sun isa. A ɗiga masa binegar ko ruwan lemun tsami: in ya yi kumfa, dutsen farar ƙasa ne, zai sauya ruwan akwati, a nemi wani.

Na huɗu shi ne jiƙo, kuma a nan ne haƙurin yawancin mutane ke ƙarewa. A saka iccen a babbar roba mai tsabta, a cika da ruwa, a danne shi, a bar shi mako biyu zuwa huɗu, ana sauya ruwan bayan kowane kwana biyu ko uku. A rufe robar da murfi mai nauyi, saboda sauro da ke ƙyanƙyasa a ruwa mai kwanciya, da kuma yara masu rarrafe, waɗanda ruwa kaɗan ya isa ya halaka. Duk ranar sauyi a duba ruwan. In an ga maiƙo yana ƙyalli a sama, ko kumfa mai daɗewa idan an kaɗa, ko wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, wannan icce bai ci jarrabawa ba, a haƙura da shi. Wasu sukan ce a jefa kifi ɗaya a gani ko zai mutu. Ni ban ga dacewar haka ba, alhali ido da hanci da haƙuri sun isa su ba da amsa.

Idan ruwan jiƙo ya riƙa fitowa garau ko da ɗan launi kaɗan, iccen kuma ya nutse da kansa, to, ya shirya. A ajiye shi a tsakiyar akwati yadda ba zai jingina da gilashi ba, a bar wa kifi filin iyo.

Bayan an saka

Ruwa ba ya tsami banza, amma ba kowane sauyin launi ne abin tsoro ba. Sau da yawa ruwan akwati yakan koma kamar shayi marar ƙarfi. Abin da ke kawo haka shi ne sinadarin tanin, wanda majema ke nema a ƴaƴan bagaruwa domin jeme fata. Kaɗan daga cikinsa ba ya cutar da yawancin kifi, akwai ma kifayen da asalin ruwansu haka yake. Sai dai yana ɗan ƙara wa ruwa tsami. Ma'aunin tsamin ruwa, wanda ake kira pH, yana tafiya daga 0 zuwa 14, tsakiyarsa 7, kuma yawancin kifin ado suna zama lafiya tsakanin 6.5 da 7.5. Masu kiwon kifayen tafkin Malawi da na Tanganyika, waɗanda ke son ruwa mai kanwa-kanwa, gara su yi ado da duwatsu. Wanda launin ya dama, ya riƙa kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako yana zuba sabo, a hankali zai washe. Ruwan famfo kuwa a bar shi ya kwana ya wuni a buɗaɗɗen bokiti kafin a zuba, domin maganin kulorin da ke cikinsa ya fice.

A makonnin farko akan ga wani farin abu kamar auduga ya lulluɓe iccen. Ba shi da illa, yakan ɓace da kansa, ana kuma iya fitar da iccen a goge. Abin da ya kamata a sa wa ido shi ne kifin. In ya taso sama yana haki, ko ya ƙi abinci, ko ya naɗe fikafikansa ya lafe a ƙasa, a cire iccen nan take, a sauya rabin ruwan da wanda ya kwana. Saboda haka da safe ake saka sabon icce, ranar da mutum zai wuni a gida. Mu da muka saka da dare muka tafi barci, mun ga sakamakon.

A kuma kula da lokaci. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar numfashi kamar mai sanyi, sabon icce kuma yana cin nasa rabo daga wannan iska a kwanakin farko. A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, wuta kuma na yawan ɗaukewa injin hura iska ya tsaya, ƙara wa akwati wani nauyi ganganci ne. A jira sanyi ya shigo.

Ɗan nawa ya koma wurin dattijon nan kamar yadda ya ce, ni na raka shi. Suka bi gaɓa tare, tsoho yana ɗaga icce yana faɗa masa suna, yana jefar da wannan yana ajiye wancan, har suka sami wani busasshen kututture ɗan ƙarami mai nauyi. Yaro ya goge shi da hannunsa, ya shanya, mahaifiyarsa ta dafa masa, ya riƙa sauya ruwan jiƙo yana rubuta kwanakin a bayan littafinsa na lakwal. Daga ranar tsinta zuwa ranar sakawa aka yi mako shida. Sau biyu yana zuwa yana cewa, "Baba, ai ya isa haka," ina ce masa ya je ya dubi wanda ya rage a akwati, ya tuna ƴan'uwansa huɗu. Kifin nan yana nan da ransa, mun kuma samo masa ƙurungu ɗaya wanda ya mayar da ƙarƙashin kututturen ɗakinsa.

Ina roƙon iyayen da ke da irin wannan akwati a gida su zauna da ƴaƴansu su karanta wannan shafi tare, su kuma bar yaran su yi aikin da hannunsu, ban da wurin wuta. Yaron da ya koyi tsayawa ya tambaya kafin ya jefa wa abin da ke ƙarƙashin kulawarsa abin da bai sani ba, ya koyi abin da zai amfane shi ranar da aka ba shi amanar da ta fi kifi girma.

Allah ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani, ya sanya tausayi a zukatanmu da na zuriyarmu, ya ba mu ikon riƙe amana ƙarama da babba.